Gyaran Hinjin Ƙofar Akwatin Gefen Mota, Mataki-Mataki

Kusan kowace babbar mota da ke lodi a Haɗeja tana da ɗan akwatin ƙarfe a gefenta, can ƙasan bodi tsakanin tayar gaba da ta baya. A nan direba ke ajiye jak da sifanar taya da igiya da galan ɗin baƙin mai, wani lokaci har da tukunya da rishon yaran mota. Dogayen motocin fasinja masu zuwa kudu su ma suna da nasu, manya, masu ƙofar da ake ɗagawa sama a tura kaya. Hatta motocin nan da Turawa ke gina ɗaki a cikinsu, da gado da madafa, suna yawon buɗe ido, suna da irin wannan ma'aji a gefe. Ciwon da ke kama ƙofarsu kuwa shi ne dai ke kama tamu: hinji ya saki, ƙofa ta sunkuya, makulli ya ƙi shiga, daga nan sai a koma ɗaurin roba.

Abin da aka saba yi kowa ya sani. A tsaya wurin mai walda a bakin tasha, a ce, "Malam, ɗan ɗiga mini wuta a nan, sauri nake yi." Shi kuma ya ɗiga, a sallame shi a wuce. Bayan 'yan makonni ƙofar ta sake ɓallewa, wannan karon har ta tafi da wani yanki na jikin akwatin. Dalili shi ne, sau da yawa ba hinjin ne ya gaza ba. Ƙarfen da yake zaune a kai ne ya ruɓe ko ya gaji, kuma walda a kan ruɓaɓɓen ƙarfe ɗinki ne a jikin tsumma. Don haka matakan da ke tafe duk a kan abu ɗaya suka ginu: a gyara mazaunin kafin a taɓa hinjin.

Abin da ke cin ƙarfe a wannan yanki

Ruwa ne kan gaba. Kogin Haɗeja haɗuwar kogin Kano ne da na Calawa, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992 ruwan ya daina ƙafewa da rani yadda ya saba. Ciyawar kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa da dama, shi ya sa idan damina ta kankama a Agusta da Satumba ruwan ke bi ta gonaki da tituna. Wanda ya tuƙa mota a ambaliyar 2022, lokacin da ruwa ya shafe gonaki ya yanke hanyoyi a Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma, ya san akwatin gefe ne ke fara sha, domin shi ne ƙasa da komai. Ruwan yakan tsiyaye, amma laka ba ta fita. Takan maƙale a bayan hinji, tsakanin ƙarfe da ƙarfe, inda rana ba ta kaiwa, ta riƙe danshi wata da watanni tana ciyar da tsatsa.

Sai kayan da muke ɗauka. Takin zamani na masu noman rani, musamman yuriya, yana jan danshi yana cin ƙarfe. Haka gishiri da kanwa, haka ruwan ɗanyen kifi da ke ɗiga daga bodi, ga kuma ruwan batir idan akwatin yana maƙwabtaka da gidan batir. Abin da tsatsa ta bari kuma gargadar hanyoyin fadama ta ƙarasa shi.

Mataki na 1: Gano inda ciwon yake

Ka ajiye motar a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, ka sa weji. Ka kwashe komai daga akwatin, ka wanke shi ciki da waje da ruwa da buroshi, ka bari ya bushe. Ba a gane ciwon ƙarfe yana lulluɓe da laka.

Yanzu ka buɗe ƙofar rabi, ka kama bakinta ta wajen makulli, ka ɗaga ka saki, ka ɗaga ka saki, yaronka kuma ya ɗora yatsa a kan hinjin yana kallo. Inda motsi yake, nan ciwon yake. Idan tsakanin fikafikan hinjin biyu ne, to sandar tsakiya ce ta cinye, ko bututun da take ratsawa ya buɗe. Wannan shi ne mafi sauƙi. Idan fiffiken ne ke rawa a kan jikin akwatin, noti ko ribiti ne ya saki, kuma za ka ga shaida: wani jan gari mai laushi ya zubo daga ƙarƙashin kan notin ya yi zane zuwa ƙasa, ko baƙin zobe ya kewaye kan ribitin idan na alminiyam ne. Wannan garin ƙarfe ne da ke gogar ɗan'uwansa. Idan kuwa hinjin da ƙarfen da ke ƙarƙashinsa tare suke lanƙwasawa, to ka samu babban aikin, kuma shi ne ya fi yawa.

Ka ɗauki sukundireba ka caccaki kewayen hinjin da ƙarfi, musamman inda fenti ya yi bororo. Kada ka ji tausayin ƙarfen. Inda sukundireba ta shiga, dama can babu komai sai fenti. Ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓawon tsatsa na zubowa.

Kafin ka wuce, ka tambayi kanka me ya karya shi. Ɗan lissafi zai taimaka. A ce ƙofa mai faɗin santimita 60, tsakanin hinjinta biyu santimita 30. Idan yaron mota mai nauyin kilo 60 ya taka bakinta tana buɗe don ya haye saman kaya, hinjin sama yana jin fizgar kilo 120, wato ninkin nauyin yaron. Da a ce tazarar hinjin santimita 15 ce, fizgar ta kai kilo 240. Ba don irin wannan nauyin aka kafa ribitin hinjin ba. In ba a hana hawan ba, gyaran ma na ɗan lokaci ne.

Mataki na 2: Tara kaya

Sifana 10 da 13, da 12 idan motar ta Japan ce. Filaya, guduma, cizal, magagarin ƙarfe, buroshin waya, samfefa, da kilam biyu na matse ƙarfe. Injin huda ƙarfe da bakuna na milimita 3, 5, 6.5 da 8.5. Injin gogar ƙarfe idan tsohon hinjin na walda ne. Jan fentin nan na hana tsatsa, giris, kananzir, alli, da yankin kwali, ko da na kwalin busasshen kifi ne. Tabarau na kare ido ba kwalliya ba ne. Ɓarɓashin tsatsa a ido ya fi gyaran tsada. In babu wuta a gida, ka yi aikin a kusa da shagon mai walda mai janareta, amma kai ne za ka faɗa masa abin da za a yi.

Mataki na 3: Cire ƙofar

Kafin ka kwance komai, ka zana kewayen kowane fiffike da tsinin ƙusa, a jikin ƙofa da jikin akwati. Zanen nan zai nuna maka inda hinjin yake tun asali.

Ka jiƙa notuna da man fesawa na kwance tsatsa, ko kananzir gauraye da ɗan baƙin mai, ka ba su lokaci. Wasu na amfani da man birki. Yana kwancewa, amma yana cinye fenti duk inda ya ɗiga. Notin da ya ƙi, ka ɗan ƙara ɗaure shi kafin ka kwance, hakan na fasa tsatsar da ke cikin zare. Wanda ya ƙi gaba ɗaya, a yanke shi, dama ba za a mayar da shi ba.

Ribiti kuwa hudawa ake yi. Ka tura 'yar sandar da ke tsakiyarsa ciki da ƙusa, ka ɗora baki mai kaurin ribitin, ka huda a hankali har kan ya ɓalle ya hau bakin injin. Daga nan ka tsaya, ka doke sauran ya faɗa ciki. Wanda ya ci gaba da hudawa bayan kan ya fita, ramin yake faɗaɗawa. Idan walda ce, ka goge waldar kanta, ba jikin akwatin ba. Gara ka lalata tsohon hinjin da ka sirance mazauninsa.

Ka tallafe ƙofar da katako, ka fara cire hinjin ƙasa, na sama ya zama na ƙarshe. Ƙofar doguwar mota mai ɗaguwa sama tana da nauyi kuma tana da shok mai iska a matse. Ka tokare ta da sanda mai ƙarfi tana buɗe sosai kafin ka cire shok ɗin, kuma kada a huda shi, kada a kai masa wuta.

Mataki na 4: Gyara mazaunin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake yawan tsallakewa.

Ka kankare wurin da buroshin waya da samfefa har farin ƙarfe ya fito, ka wuce zanen hinjin da kamar faɗin tafin hannu ta kowane ɓangare, ciki da waje. Sai ka nemi tsagewa. Tsagar gajiya siririya ce, takan taso daga bakin ramin noti ko daga ƙarshen tsohuwar walda, kuma takan yi nisa fiye da inda ido ke gani. Tsohuwar dabarar makanikai na nan: ka shafa kananzir, ka bari ya shiga, ka goge saman tas, sannan ka murza alli a wurin. Jim kaɗan kananzir ɗin da ya ɓuya a cikin tsagar zai fito ya jiƙa allin, ya zana maka ita daga farko har ƙarshe. A daidai ƙarshenta ka huda rami na milimita 3. Ramin ne ke tsayar da ita, domin tsaga tana tafiya ne ta tsininta, idan ta faɗa rami mai zagaye ƙarfin sai ya bazu. Bayan nan ne za a iya bin ta da walda.

Inda tsatsa ta huda, kada a cike ramin da ɗigon walda. A yanke wurin murabba'i har a kai lafiyayyen ƙarfe, a yanko faci mai kauri ɗaya da jikin akwatin, a zaunar da shi a walde.

Ko ƙarfen ya ruɓe ko bai ruɓe ba, ka sa farantin tallafi a bayan kowane hinji, ta ciki. Jikin irin waɗannan akwatuna bai cika wuce milimita 1 zuwa 2 ba, kuma noti uku a siririn ƙarfe suna tara duk wahalar a 'yan wurare ƙanana. Farantin yana raba ta. Ka yanko shi daga ƙarfe mai kaurin milimita 3, ya fi fiffiken hinjin girma da aƙalla santimita 3 ta kowane gefe, ka goge kusurwoyinsa su yi zagaye, don kusurwa mai tsini da kanta takan fara sabuwar tsaga. In da hali, a lanƙwasa shi ya kama kusurwar akwatin, domin nan ne ƙarfin akwatin yake. Guntayen da masu ƙera ƙofofi da tagogi ke zubarwa sun isa. Abu biyu dai ka guje musu a wurin 'yan gwangwan: kwanon rufi, wanda bai da kaurin komai, da ganyen tsohon sifirin, wanda ke burge ido amma zai cinye bakin injinka wajen huda, idan kuma aka walda shi ya tsage a gefen waldar.

Idan tsofaffin ramuka sun faɗaɗa sun zama dogaye, ko ka ƙara girman noti daga na sifana 10 zuwa na sifana 13, ko ka matsar da hinjin santimita biyu zuwa uku ka samu sabon ƙarfe. In za ka matsar, ka matsar da na sama zuwa sama, na ƙasa zuwa ƙasa. Lissafin ɗazu ya nuna faɗin tazara sauƙi ne ga hinji. Kowane rami ya nisanci bakin ƙarfe da aƙalla ninki biyu na faɗinsa.

Idan noti za ka yi amfani da shi, ka shafa jan fenti a bayan farantin da jikin akwatin da bayan fiffiken tun kafin a haɗa su. Bayan an ɗaure, babu buroshin da zai sake shiga nan, alhali nan ne laka ke kwana.

Mataki na 5: Zaɓen hinji

Idan sandar tsakiya ce kawai ta cinye, ba sai ka sayi sabo ba. Ka doke ta ta fita, ka nemi dogon noti mai kauri daidai da bututun, wanda santsin jikinsa zai ratsa bututun gaba ɗaya, zaren ya fito waje. Zare a cikin bututu zarto ne, zai ci hinjin. Kan notin ya kasance a sama, abin ɗaurinsa a ƙasa, don ko ya kwance sandar ba za ta zube ba.

Idan sabo ne, kada ka ɗauko hinjin ƙofar ɗaki daga shagon kayan kafinta. Siriri ne, an yi shi ne don katako da bangon da ba ya motsi. Ka nemi mai fiffiken da ya kai milimita 3 da sanda mai kaurin milimita 8 zuwa 10. Na tsohuwar motar da aka farfasa sau da yawa ya fi sabon kasuwa nagarta. Abin da ba a samu a Haɗeja ba, a aika Ƙofar Ruwa a Kano. Ka sauya duka biyun tare. Wanda bai karye ba ya daɗe yana ɗaukar nauyin ɗan'uwansa, kuma sabo da tsoho ba sa juyawa a layi ɗaya.

Mataki na 6: Daidaita ƙofar tana rufe

Ba a kafa hinji sannan a nema wa ƙofa wuri. Ƙofa ake fara zaunarwa, hinji ya bi ta.

Ka mayar da ƙofar raminta, a rufe, makulli a ciki. Ka cusa yankan kwali a ƙasa da gefe har tazarar ta zama ɗaya ta kowane ɓangare, kamar milimita 3 zuwa 4. Ta wajen makulli ka ƙara kwali ɗaya a ƙasa, ƙofar ta ɗan ɗaga da milimita ɗaya ko biyu, domin idan aka cire kwalin za ta ɗan sauka ko yaya aka ɗaure.

Sai ka ɗora hinjin biyu ka matse da kilam. Sandunansu dole su kasance a layi ɗaya miƙe. Ka jingina miƙaƙƙen ƙarfe a jikin bututun biyu, ko ka ja zare, ka duba. Idan ɗaya ya ɗan karkace, ƙofar za ta buɗu, amma duk buɗewa sai ta murɗa ƙarfen da ke ƙarƙashi, kuma daga nan ne tsagar baɗi za ta taso. Jikin akwatin da ya lotsa, a miƙar da shi da guduma ko a sa siririn ƙarfe a ƙarƙashin fiffike har layin ya daidaita.

Ka huda rami ɗaya tak a kowane fiffike, ka fara da baki na 3 sannan babba, ka ratsa har farantin baya. Ka sa noti huɗun nan ka ɗan matse, ka zare kwali, ka buɗe ka rufe sau da yawa. Lafiyayyiyar ƙofa da yatsa ɗaya take tafiya, ba ta gogar ko'ina, ba ta turo kanta waje idan ta kusa rufuwa. Idan tana turowa, hinjin ya nutse da yawa, a ɗan ɗaga shi da siririn ƙarfe. Sai ka gamsu sannan ka huda sauran ramukan, ka goge ɓarɓashin bakinsu, ka ɗiga musu fenti.

Mataki na 7: Noti, ribiti ko walda

A ganina noti ne ya fi dacewa da motar da ke bin hanyoyin fadama, domin ana iya sake ɗaure shi a ko'ina da sifana ɗaya, kuma ba ya ƙona ƙarfe. Na milimita 6 yana son rami na 6.5, na milimita 8 kuma na 8.5. Ka sa washa, ka yi amfani da abin ɗaurin nan mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. In babu, ka sa biyu ka matse su da juna. Akwai kuma maganar ɓarayin tasha. Notin da kansa ke waje mai kusurwa shida gayyata ce: a kwance hinjin a ɗauke jak, kwaɗonka na nan a kulle. Ka nemi mai mulmulallen kai, ɗaurin ya kasance ta ciki, ko a ɗiga wa kowane kai walda kaɗan.

Ribiti na wurin da hannu ba ya shiga baya ne. Na milimita 4.8 yana son rami na 5, tsawonsa kuma ya zama kaurin ƙarafan da zai haɗa, a ƙara kamar milimita 7. Ga ƙofar ƙarfe a sa na ƙarfe. Na alminiyam ɗin nan da ya cika kasuwa mai laushi ne, ba ya daɗewa a gargada. Ka matse ƙarafan da kilam kafin ka ja, ribiti ba ya janyo abin da ke da tazara.

Walda tana da kyau idan ƙarfen mai kauri ne kuma mai tsabta, sai dai tana da sharuɗɗa, kuma ba a sassauta su don sauri. A cire kan batir, a fara da na nagatif. Sababbin motoci masu kwamfuta ba sa yafe wa wanda ya bar batir a haɗe. A kama wayar ƙasa ta injin walda a jikin akwatin, dab da inda ake aiki, kada wutar ta ratsa ta cikin sandar hinji ko ta zaga ta wasu sassan motar. A fitar da duk galan ɗin fetur da tukunyar gas. A duba abin da ke bayan akwatin: tankin dizal, wayoyi, da bututun iskar birki na roba, wanda tartsatsi ɗaya ke hudawa. A rufe su da jiƙaƙƙen buhun algarara, a ajiye bokitin yashi kusa. In akwatin yana kwantuwa, a sauke shi ƙasa ya fi. Kada a yi walda ko huda a jikin shasi don wannan aikin. Ƙarfe mai rufin zinki kuma a goge rufin tukuna, a yi a fili, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.

Sandar walda ta milimita 2.5 ta isa. A ɗiga a kusurwoyi, a gwada ƙofar, sannan a yi gajerun layuka na santimita biyu-biyu, nan kaɗan can kaɗan, ana bari yana hucewa. Dogon layi ɗaya yana janye ƙarfe, ƙofar da ka daidaita ta karkace. Kada a watsa ruwa don a huce da wuri. Idan jikin bai kai milimita 1.5 ba, wutar lantarki hudawa za ta yi. A kai wa mai waldar gas, ko a koma noti.

Mataki na 8: Idan ƙofar ba ta baƙin ƙarfe ba ce

Ƙofofin wasu dogayen motoci da na motocin ɗaki alminiyam ne a waje, soso ko falanki a tsakiya, da firam siriri a kewaye, galibi da dogon hinji guda da ya bi gefen gaba ɗaya. A nan babu maganar walda. Sukurori ne ke sakin jiki saboda ruwa ya shiga ya ruɓar da katakon ciki. A ƙwaƙule ruɓaɓɓen, a bari ya bushe sarai, a cusa busasshen katako mai tauri da gam mai haɗi biyu, sannan a huda sababbin ramuka a tsakanin tsofaffin. Inda za a iya ratsawa, noti da farantin alminiyam a baya ya fi sukuru. Alminiyam da baƙin ƙarfe idan suka haɗu da danshi, alminiyam ɗin ne ke cinyewa, ya zama farin gari. Don haka a raba su da fenti ko siririyar roba, a toshe kan kowane sukuru da gam mai hana ruwa. Kanwa kuma kada ta kusanci irin wannan ƙofa.

Mataki na 9: Makulli, roba, sarƙa da magudana

Mota ta fi daɗewa tana tafiya ƙofa a rufe, kuma a lokacin makulli da robar baki ne ya kamata su riƙe ta cak. Idan tana kaɗawa a rufe, kowane rami a hanya guduma ce a kan hinjin. Ka rufe ƙofar a kan takardar kuɗi ka ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta mutu a wurin. Zafin Afrilu da Mayu ne ke busar da ita. A sauya, ko a liƙa yankin tsohon tiyub. A matsar da mazaunin makulli har ƙofar ta matsu. Mai kwaɗo kawai ya ƙara sakata, domin kwaɗo yana hana ɓarawo ne, ba ya hana rawa.

Ka sa 'yar sarƙa ko ɗamara da za ta tsayar da ƙofar kafin ta kai ƙarshen buɗewarta, don iskar hadari kada ta fizge ta. A ƙasan akwatin kuma ka huda ramuka biyu na milimita 8.5 a kusurwoyin da suka fi gangara. Akwatin da ke ratsa ruwa ba a hana shi sha. Abin da ake nema ruwan ya samu hanyar fita. Jak da sauran masu nauyi a ɗaure su, kada su riƙa dukan ƙofar ta ciki.

Mataki na 10: Fenti da mai

Jan fenti shafi biyu, sannan na launi, har kan notuna. A cusa giris a cikin bututun hinji, a buɗe a rufe ya ratsa, sannan a goge duk wanda ya fito waje. Giris ɗin da aka bari a fili yana kama ƙurar hunturu, cakuɗin kuma shi ke cinye sanda.

Bayan tafiyar farko

Sabon ɗauri yana zama. Idan ka je Nguru ko Gumel ka dawo, ka bi notunan da sifana, za ka samu wasu sun ɗan karɓa. Ka sake dubawa bayan mako guda. Duk ranar da motar ta ratsa ruwa, a buɗe akwatin a wanke lakar bayan hinji tun tana ɗanya, a bar ƙofar a buɗe ta sha iska, a ƙara mai.

Idan kuwa hinji ya ɓalle maka a hanya, nesa da gari, kada ka bar ƙofar tana lilo a kan ɗaya. Za ta yage mazaunin na biyun, kuma ƙofar da ta buɗe ana gudu daidai ƙafar mai babur take. Ka rufe ta, ka zagaye akwatin gaba ɗaya da igiya ko robar tiyub zagaye biyu, ka cusa tsumma a inda take kaɗawa. In duka biyun sun tafi, ka cire ta ka jefa a bodi, ka kwashe kayan akwatin zuwa gaban mota, ka ajiye guntayen tsohon hinjin a aljihu domin da su za ka auna sabo.